Karatun da Auta Ba Ta Zaɓa Ba

Ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, shi ya sa har yau da ta haura talatin, da 'ya'yanta biyu, ba wanda ke kiranta da wani suna sai Auta. Ko a asibitin da take aiki, a ɗan ofishin kula da jin daɗin majinyata da ke ƙarshen baranda kusa da tagar karɓar magani, Anti Auta ake ce mata. Wanda ya gan ta yanzu tana zirga-zirga tsakanin gadaje, tana tambayar wannan wa zai zauna da shi, wancan wa zai kai shi gida, sai ya ɗauka tun tana yarinya abin da ta sa a gaba ke nan. Ba haka ba ne. Da kuka ta shiga karatun da ya kawo ta nan.

Harhaɗa magunguna ta nema a jami'a. Tun tana sakandare ta ƙwallafa rai a kan farar riga da kanti mai gilashi. Makinta ya kusa, amma bai kai ba. Da sunaye suka fito sai ta ga nata a ƙarƙashin wani sashe da ba ta taɓa jin labarinsa ba. Ta tambayi dattijon da ke zaune a tagar ofis, ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Soshiyoloji ne, ilimin zamantakewa. Ki riƙe shi da kyau, 'yata, wasu ko shi ba su samu ba."

A gida babban wansu, wanda duk suke kira Yaya, ma'aikacin lantarki ne mai baki kamar reza. Yana jin bayanin ya ajiye cokali ya ƙyalƙyale da dariya.

"Wato gulma za a koya miki har shekara huɗu, sannan a ba ki takarda? Ai da wurin Gwaggo kika koma, a wata guda za ta yaye ki."

"Kai, bar min yarinya," in ji Mama. Ta juya ta ce a hankali, "To Auta, shi wannan karatun in an gama, me ake zama?"

"Wallahi Mama ni ma ban sani ba."

Baba yana kan kujerarsa ta bakin taga. Ya ce, "Allah ya sa albarka," ya mayar da idonsa kan titi. Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ba wanda ya yi tsammanin ƙari.

Da can ba haka yake ba. Shekara ashirin da wani abu ya yi a kamfanin takalma da ke bayan tashar jirgin ƙasa, ya fara da shafa gam a tafin takalmi har ya zama shugaban sashen ɗinki, unguwa gaba ɗaya tana kiransa Foman. Mutum ne mai murya, mai ba'a, wanda in ya shigo layin tun daga kwana ake jin gaisuwarsa. Auta tana tuna warin fata da gam a jikin rigarsa, da yadda yake kama ƙafarta ya auna da tafin hannu ya ce ta sake girma ba ta nemi izininsa ba. Tana firamare aka fara rage ma'aikata, ba a jima ba aka garƙame ƙofar kamfanin. Ya nemi aiki nan da can, ya taɓa gadi, ya taɓa tsaron shagon wani, duk ba su ɗore ba. Daga nan ya zauna. Ya daina zuwa majalisa, ya canza hanyar da yake bi don kada ya wuce ta gaban kamfanin, in tsohon abokin aiki ya yi sallama sai ya sa a ce barci yake. A hankali yaran gidan suka saba da Baba a matsayin mutum marar magana. A can cikin ranta, inda ba ta bari kowa ya leƙa, Auta tana jin haushinsa. Gani take mahaifan wasu suna fita su dawo, nata ya zaɓi taga.

Zangon farko a kujerar baya ta yi shi. Nufinta ta ci jarrabawa da kyau ta nemi canjin sashe. Tana kwafar abin da aka rubuta a allo, tana haddacewa, tana zubarwa a takardar jarrabawa, ba abin da ke taɓa ta. Sai a zango na biyu aka haɗa su da wata malama, gajeruwa, mai furfura a gaban goshi, wadda ɗalibai suka laƙaba wa Ina-Shaida, don ba ka isa ka faɗi magana a ajinta ba ta jefo maka wannan tambayar. Aikin farko da ta ba su ya ba kowa dariya. Ta ce kowa ya shiga bas daga tashar farko har ta ƙarshe, ya dawo ya rubuta abin da ya gani.

Auta ba ta ma shiga ba. Ai kullum a bas take zuwa makaranta, me za a gaya mata? Ta zauna ta cika shafi biyu da cewa mutanen yanzu ba su da tausayi, matasa ba sa tashi wa tsofaffi, kowa kansa ya sani. Takardar ta dawo da jan biro a gefe: "Kin gani ne, ko kin ji ana faɗa? Sake."

Ta yi fushi har ta ƙi cin abincin rana. Washegari ta shiga bas ɗin da niyyar tara wa matar nan shaida har ta ishe ta. Ta zauna a baya ta zuba ido. Sai ta ga abin da bai dace da takardarta ba. Tsohuwa ta shigo, samari biyu suka miƙe a tare har suna karo. Wata mai goyo ta miƙa jaririnta ga matar da ba ta sani ba don ta gyara kaya, ita kuma ta karɓa ba tare da ta daina hirarta ba. Kuɗin mota yana tafiya daga hannu zuwa hannu har gaba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi. Wanda ba a tashi wa ba shi ne wani dattijo mai kayan aiki da suka yi baƙi da mai, sai ma matsawa da ake yi kada ya goge wa mutane riga. Shekara nawa tana shiga motar nan, ba ta taɓa lura ba. Ta rubuta haka. Takardar ta dawo da kalma uku: "Yanzu kika fara."

Daga ranar ta matso layi na uku.

Abin da ya zaunar da ita a sashen gaba ɗaya ya faru a shekara ta biyu. Ana darasi a kan aiki da rashinsa, ajin ya cika, fanka tana juya iska mai zafi. Malama ta ajiye alli ta ce duk wanda a gidansu akwai wanda ya wayi gari aikinsa ya ƙare, ba don ya yi sata ba, ba don lalaci ba, ya ɗaga hannu. Auta ta sunkuyar da kai, don ko ƙawarta ta kusa ba ta taɓa gaya wa zancen Baba ba. Sai ta ji motsi. Ta ɗago ta ga hannuwa suna tashi ɗaya bayan ɗaya, har da na yarinyar nan mai tsadaddiyar jaka da take ɗauka 'yar masu hali ce, har da na shugaban aji. Ta ɗaga nata rabi-rabi.

"Ku waiga ku ga juna," in ji Malama. "Kowannenku ya shigo nan yana tsammanin sirrin gidansu ne shi kaɗai. To me ya sami garin nan a shekarun da kuke firamare? Wannan ita ce tambayarmu ta zangon nan."

A hanyar gida Auta ta sauka kafin tasharsu, ta taka har gaban tsohon kamfanin. Ciyawa ta cinye harabar, tagogi sun farfashe, wani ya shanya wanki a kan shingen waya. Ta tsaya tana kallon faɗin ƙofar. Mutum nawa ne ke fitowa ta nan in an tashi? Ina suka shiga? Lokacin neman canjin sashe ya zo ya wuce, ba ta ko leƙa ofishin ba. Da Yaya ya tambaya ta ce ta fasa, ya ce, "Gulmar ta yi daɗi ke nan."

Da aka zo shekarar ƙarshe, kowa zai yi bincikensa na kammalawa, ta ce ita a kan tsofaffin ma'aikatan kamfanin takalma za ta yi, kuma Malama ce aka ba ta ta duba aikin. Ba ta gaya mata mahaifinta yana cikinsu ba. Ta tsara tambayoyinta, ta buga, ta fita nema. An kwatanta mata wani mai gyaran takalma a bakin kasuwa, an ce tsohon ɗan kamfanin ne. Ta gaishe shi, ta zaro takarda ta fara karanto masa: shekarunsa, matakin karatunsa, yadda yake ji game da rasa aikinsa, sosai ko kaɗan ko babu. Mutumin bai ɗago daga takalmin da yake ɗinki ba.

"'Yan mata, in takalmi kika kawo ajiye. In kuma gwamnati ce ta aiko ki, ki ce mata kin same ni da rai."

Na biyu ya ce ba shi ba ne, ƙaninsa ne. Na uku ya tambaya ko za a buɗe kamfanin ne, da ta ce a'a ya shige gida ya turo ƙofa. Ta koma wurin Malama kamar ta yi kuka, a nan ne bakinta ya suɓuce ta ce ko mahaifinta ma da ke cikin gida ba ya zancen.

Malama ta cire tabarau. "Mahaifinki ɗan kamfanin ne, kika tsallake shi kika tafi kasuwa?"

"Ba ya magana, Malama."

"Kin taɓa tambayarsa?"

Ba ta taɓa ba. Ba wanda ya taɓa.

Da yamma ta kai masa shayi, ta durƙusa gefen kujerar, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar. Baba ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ajiye kofin a kan taga.

"Wato ni ne na zama abin karatu yanzu? Za a kai ni jami'a a nuna wa yara yadda mutum ke lalacewa?"

"Ba haka ba ne, Baba."

"Tashi ki ba ni wuri."

Tunda take bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Gidan ya yi nauyi kwana da kwanaki. Ta fara tunanin canza batun binciken, ta koma kan 'yan kasuwar waya ko wani abu marar ciwo. Abin da Mama ta ce masa a tsakanin nan, Auta ba ta sani ba har yau. Ta dai ji muryoyinsu ƙasa-ƙasa a ɗaki, ta ji Mama ta ce, "Yarinyar nan ba dariya za ta yi maka ba." Wata safiyar Asabar ta fito da tsintsiya sai ta tarar da shi a tsakar gida yana goge wasu baƙaƙen takalma da ya ciro daga ƙarƙashin gado, irin na kamfanin, ɗinkin sashensa.

"Sa mayafinki," ya ce, bai dube ta ba. "Ke kaɗai ba za su yi miki magana ba. Kuma ki bar min wannan takardar taki a gida."

Wurin mai gyaran takalman nan na bakin kasuwa suka fara zuwa. Tun daga nesa Baba ya rage sauri, har ta ji tsoron zai juya. Mutumin ya ɗago, ya ƙura ido, allura ta faɗi daga hannunsa.

"Foman? Foman ne ko idona ne?"

"Ni ne, Sarkin Gam."

Suka riƙe hannun juna suka ƙi saki. Sarkin Gam ya kori wani mai zaman hira da ke kan bencinsa, ya share wurin da hularsa, ya aika a kawo lemo. Da ya gane Auta ya kama baki ya ce, "Ashe 'yarmu ce na kora! Ke ma da laifinki, da kin ce 'yar Foman ce ai da na ba ki labari har ki gaji."

Aka yi ta zancen wane da wane, wa ya rasu, wa ya koma garinsu. Can Baba ya ce shi fa nauyinsu yake ji. Lokacin da aka fara rage mutane, shi manya suka sa ya sanar da 'yan sashensa, shi ya tsaya a gabansu ya faɗa. Tun daga ranar yake ganin ba wanda zai so ganin fuskarsa.

Sarkin Gam ya dube shi kamar ya ga sabon mutum. "Kai ka rufe kamfanin? Ai kai ma bayan wata nawa suka watso ka. Mu fa cewa muka yi ka samu babban wuri ka daina kula talakawa. Ni da na zo gidanka aka ce kana barci da hantsi, na ce to, Foman ya zama manya." Ya nuna tulin tsofaffin takalman da ke gabansa. "Ni kuwa in na hango ɗan kamfani sai in sunkuyar da kai, kada ya ga mai injin guda ya koma faci a bakin kwata."

Suka yi dariya, irin wadda ke ƙarewa da goge ido. Auta tana gefe a kan wani gwangwanin fenti, ta ma manta ta nemi izinin kunna rikodar waya sai da hira ta yi nisa.

Haka suka yi ta yawo duk ƙarshen mako har zangon ya raba. Wannan ya kwatanta musu gidan wancan. Sun sami direban motar kamfanin yana sayar da ruwan sanyi, sun sami mai yankan fata yana koyar da ɗinkin jaka a wani ɗan shago, ya ma fi da samu. Ba duka ne suka yi daɗi ba. Wani gida da suka je, matar ta fito ta ce maigidan ya rasu da jimawa, ciwon zuciya, kuma duk cikin abokan aikinsa ba wanda ya tako. Ta dubi Baba ta ce, "Sai yanzu?" Ya yi mata ta'aziyya ya juyo. Ranar har suka iso gida bai buɗe baki ba, Auta ta ɗauka shi ke nan an koma gidan jiya. Amma Asabar ta gaba shi ya riga ta shiryawa.

A hanya yake ba ta labarin da ba ta taɓa ji ba: yadda ake gane fata mai kyau da ɗan yatsa, yadda jiniyar tashi ke sa masu abinci a bakin ƙofa su fara zuba faranti, yadda takalman waje masu araha suka cika kasuwa har shaguna suka daina aiko da oda. Ita kuma tana gaya masa abin da ta karanta, cewa an yi irin haka a garuruwa da yawa, kuma kusan ko'ina mazan da abin ya shafa sukan janye daga mutane. Ya ce, "Har a littafi an rubuta?" Ta ce har a littafi. Ya jinjina kai ya ci gaba da tafiya.

Ta rubuta babi uku cikin zumuɗi ta kai wa Malama, tana jiran yabo. Bayan mako ta koma ta tarar da jan biro ya yi wa shafukan kaca-kaca.

"Rubutun ya yi daɗi," in ji Malama. "Amma waƙar yabon babanki kika kawo min, ba bincike ba. Ki rage kuka, ki ƙara bayani. Sannan ina da tambaya. Mutanen nan sun yi shekaru ba albashi. Wa ya riƙe gidajen? Ke wa ya kai ki har jami'a?"

Malama ta turo mata shafukan.

"Ban ga mace ko ɗaya a cikin aikin nan ba sai matar mamacin nan da ta kore ku. Kuma an ce min rabin sashen ɗinki mata ne."

Kunya ta kama ta tun daga ofishin har gida. Ta tarar da Mama a inda take kullum, a bayan keken ɗinki a ƙofar kicin, zare a baki, kayan makarantar yaran unguwa jibge a gefenta. Tun Auta tana firamare take jin ƙarar keken nan, da shi take barci da shi take tashi, har kunnenta ya daina jinsa. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna.

"Mama, ina so in yi miki tambayoyi. Na makaranta."

Mama ta cire zaren daga baki. "Ni? Ni me na sani? Ai ban taɓa aiki a kamfani ba."

"Ranar da aka rufe, me kika yi?"

Ƙafar Mama ta tsaya a kan keken. Sannan ta fara, a hankali, kamar mai kwance tsohon ƙulli. Ta ce ranar ba ta yi kuka ba don yara suna kallo. Ta ce keken na ƙanwarta ne, aro ta yi, kuma ba ta iya komai ba sai facin riga, a kan tsofaffin zannuwanta ta koya. Ta ce su matan 'yan kamfani sun san juna sarai, ba su taɓa ɓuya wa juna ba, don mai neman wanda zai riƙe mata yaro ta je kasuwa ba ta da lokacin jin kunya. Wadda ta samu aikin wanki a wani gida takan jawo 'yar'uwarta, wadda ta ji ana neman masu shara a makaranta takan aiko. Ta ce abin da ya fi mata wuya shi ne yadda za ta ajiye cefane ba tare da maigidan ya ji an karɓe masa girma ba, sai ta riƙa aiken yara su ce masa, Baba me za a dafa yau.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mana ba?"

"Wa ya tambaye ni?" Ta yi murmushi ta mayar da ƙafa kan keken. "Miƙo min almakashin nan."

Mama ce ta haɗa ta da sauran matan, a yini biyu ta samu waɗanda suka fi na wata guda. Babi na huɗu a kansu ya tsaya, kuma shi ne Malama ta ce ya fi sauran. Ranar da Auta ta kare aikin a gaban malamai, wani ya matsa mata da tambaya a kan ko 'yar ma'aikaci za ta iya adalci a irin wannan bincike. Ta amsa iya yinta, ta yarda cewa akwai inda kusancin ya rufe mata ido. Ba ta fito da sakamako na ƙoli ba, na biyu ta samu, mai kyau. Yaya ya zo bikin yaye su da sabuwar riga, ya fi kowa ɗaukar hoto, yana gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da shi cewa ƙanwarsa ce.

Aiki bai zo da wuri ba. Ta koyar a wata makarantar kuɗi, ta yi wa wata ƙungiya aikin tattara bayanai na 'yan watanni, ta zauna a gida har ta fara tuna kantin gilashin nan da ɗan ciwo a rai. Daga baya asibiti suka nemi ma'aikatan jin daɗin majinyata, ta nema, aka ɗauke ta. Baba kuwa bai koma aiki ba, shekaru sun ja. Amma yakan fita. Bencin Sarkin Gam ya zama majalisarsu, su biyar ko shida, kuma in ɗan kamfani ya kwanta ciwo ko ya rasu, Foman ne ke bi gida-gida yana sanarwa. Ya rayu har ya ga ɗanta na fari, ya yi masa ba'a son ransa, sannan ya rasu bayan gajeriyar jinya. Mutanen da suka zo gaisuwa sun cika layin har kwana, da yawansu Auta ta san su, ta san ɗakunansu da labarinsu.

Bara, tana zagayen safe a ɗakin mata, ta ga wata tsohuwa a gadon ƙarshe an ɗaure mata ƙugu, ta faɗi a banɗaki ta karye. Furfurar ta game kai duka, jikin ya ƙanƙance, amma tana ganin yadda matar ke bin ma'aikatan jinya da ido ta gane ta. Ta ƙarasa ta durƙusa a gefen gadon.

"Malama, ina kwana. Ba za ki gane ni ba."

Tsohuwar ta lalubo tabarau ta sa. "Ɗalibai sun yi yawa, 'yata. Wace shekara?"

"Ni ce mai kamfanin takalma."

"Ah! 'Yar Foman. Ya babanki?"

Ta gaya mata. Malama ta yi masa addu'a, ta tambayi Mama, aka ce tana nan, ido ya hana ta ɗinki sai faɗa da jikoki. Auta ta daɗe tana shirya maganar da za ta faɗa in Allah ya sake haɗa su, amma da ta zo faɗi sai ta guntule. Ta ce shekarun ƙarshen nan da ta samu da mahaifinta yana hira yana dariya, ta dalilin ajin Malama ta same su, kuma ba ta taɓa zuwa ta yi godiya ba.

Malama ta kawar da kai wajen taga, ta ce ita aikinta kawai ta yi, kuma ai a labarin da Auta ta ba ta, Foman shi ya goge takalmansa da kansa ya fita. Sai ta ce a gyara mata matashi, ya yi ƙasa.

Auta ta gyara. Sannan ta koma bakin aikinta, ta tambaye ta wa ke gida. Ba kowa. 'Ya'yan biyu suna wata ƙasa, suna kira kullum, sun ce za su zo in sun samu hutu. Gidan bene ne, ɗakin kwana a sama. Likita ya ce sai ta yi watanni kafin ta taka matakala.

Auta ta koma ofis ta jawo waya. Ta kira babbar 'yar Malama suka daidaita a kan a sauko da gado falo, a nemo mai kula da ita da rana. Ta kira shugaban ajinsu na da, wanda yanzu yake aiki a gidan rediyo, ta ce ya sanar da 'yan ajin duk wanda ke gari. Kafin azahar mutum bakwai sun ce a sa su a zuwa dubiya, ɗaya ya ce motarsa tana nan ranar sallama. Ta ɗauki ranar Laraba wa kanta, don ranar take tashi da wuri. Sannan ta miƙe ta nufi ɗakin yara, inda wata uwa ke jiranta tun safe a kan maganar komawar ɗanta makaranta.